Baƙon Ɗakin Alhaji Idi

Ban taɓa mantawa da ranar da na zaga unguwannin Riyad da farar rigar aiki a jikina ina nema wa ɓera likita ba. Yana kwance cikin kwalin takalmi a kujerar gefena, ni kuma ina tuƙi ina leƙensa ko yana numfashi. Ku da kuka zo aikin nan daga baya kun tarar ana tsokanata da "likitan ɓeraye", har wasunku sun ɗauka ba tare da sanin mafari ba. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai shi, don na lura duk wanda ya ba da labarin nan sai ya ƙara masa gishiri.

Saboda baƙin da ke cikinmu, bari in fara da yadda aikin yake. Ni Sabi'u likitan fisiyo ne, wato masu gashi da motsa gaɓoɓi. Kamfaninmu na masu bin marasa lafiya gida ne. Idan asibiti ya sallami mutum alhali da sauran jinya, sai a miƙo mana shi. Ni in je in motsa shi, nas ta je ta yi masa awo ta duba magungunansa, a samanmu kuma akwai likita wadda take jin bayanin kowa ta yanke hukunci. A lokacin likitar tamu wata 'yar Sudan ce, Dakta Amal. Tana da kirki, amma ba ta son dogon turanci, kuma in ta ce Lahadi to Lahadin take nufi.

Cikin sanyin wata shekara aka ba ni wani dattijo a unguwar Badi'a, Alhaji Idi, dillalin shanu daga Potiskum wanda ya shiga kara, wato kasuwar shanu, tun kafin a haife ni. Umara ya zo, ya biyo ta gidan ɗansa Injiniya Kabiru don ya kwana biyu kafin ya koma, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a ɓangaren dama. Lokacin da na karɓe shi ƙafar ta fara dawowa, magana ma ta dawo sai dai da nauyin harshe. Hannun ne ya rage. Yatsun suna ɗan motsi, abin da kowane ɗan sana'armu zai gani ya yi murna, amma shi ya ajiye hannun a cinya kamar kayan aro.

Babbar matsalar ba hannun ba ce, abinci ne. An gwada haɗiyarsa a asibiti, lafiya lau take. Amma Baba ya ce shi da furfurarsa ba zai kai abinci baki da hagu ba. Aka ce to a riƙa ba shi. Wa zai ba shi? Da rana daga shi sai matar ɗansa, Hajiya Rabi, suruka ke nan, wadda ko ido ba sa haɗawa. Injiniya kuwa ɗan fari ne, ko sunansa Baba ba ya faɗa, sai dai ya ce "mai gidan nan". Tun asuba yake fita wurin aikinsa a Sulay, sai magariba ya dawo ya durƙusa da cokali, Baba ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, ya juya fuska bango. An kawo wani mai kula da shi, namiji, bai yi sati ba Baba ya kore shi. Abu ɗaya ke ɗan kwantar mana da hankali. Kowace la'asar Hajiya takan ajiye masa 'yar tasa da dabino mai laushi, irin wanda ake kira sukkari, ta cire ƙwallayen, ta ja masa ƙofa. In ta dawo sai ta tarar da tasar wayam. Muka ce wataƙila in ba idon kowa yakan ci da hagun, muka ja bakinmu muka yi shiru.

Ni kuma nawa aikin ya ƙi gaba. Na kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya dube ta ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, raino aka ba ka?" Na kawo 'yan katakon da ake jerawa a rami, ya ce in kai wa 'ya'yana. Ina da zuciya, kun san ni, amma ba a yi wa sa'an uba tsawa. Sai in motsa masa hannun da nawa hannun, yana kallon silin, in tattara kayana in fita ina cizon yatsa.

Ɗakin da aka sa shi na jikarsa ne, wadda aka mayar makaranta Kaduna. Ta tafi ta bar keji a kan durowa kusa da gado, da wata 'yar dabba a ciki da ake kira hamsta. Ga wanda bai sani ba, wani ɗan ɓera ne da yara ke kiwo a nan, jajaye-jajaye, bai cika tafin hannu ba, wutsiyarsa guntuwa. Hajiya tsoronsa take ji, amma saboda 'yarta takan sa safar hannu ta canza masa ruwa ta kwashe shimfiɗar sama-sama. Ni dai ban taɓa yi masa kallo biyu ba. A garinmu Zariya in ka ga ɓera, muciya kake nema.

Wata rana na iso da wuri, na tarar da ƙofar ɗakin a ɗan buɗe. Baba ya matso bakin gado. Ya sa hagu ya tallafo gwiwar hannun dama, ya ɗaga shi, yatsu biyu na damar suna riƙe da ƙwayar abincin dabbar, yana kai ta bakin keji a hankali, gumi na tsattsafo masa. Ƙwayar ta faɗi. Ya sake ɗauka. Dabbar ta miƙe tsaye ta karɓa da hannu biyu. Abin da na yi makonni ina roƙo da ƙwallon roba, ga shi ana yi wa ɓera kyauta.

Na yi sallama na shiga. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka ba shi da hagun? Ai ya fi sauƙi."

Ya dube ni kamar na yi ashar. "A gidanku haka aka koya maka? Ko kare ba a miƙa wa abu da hagu. Mai rai ne."

"Yana da suna?"

"Baƙo. Shi ma kawo shi aka yi, ni ma kawo ni aka yi."

Daga ranar na bar ƙwallo a mota. Kullum in na zo sai in ɗan matsar da kejin gaba, wai ina gyara labule. Wata rana in ɗora shi kan littattafai ya ƙara tsawo, wata rana in zo da ƙwayar da ta fi ƙanƙanta. Ban taɓa kiran abin motsa jiki ba, shi ma bai taɓa nuna ya gane ba, ko da yake mutumin da ya yi rayuwarsa a ciniki ba ni zan yi wa wayo ba. Kafaɗa ta fara ɗaguwa ba tallafi, yatsu suka fara kamawa. Abinci dai har yanzu sai a hankali, amma na sa rai cewa hannun da ya kai keji wata rana zai kai baki.

Ana cikin haka wata Laraba na shigo na tarar da hannun ya koma cinya. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "Baƙon nan ba shi da lafiya. Jiya bai karɓa ba, yau ma bai karɓa ba."

Na leƙa. Dabbar ta dunƙule a lungu, gashinta ya yi buzu-buzu. Kumatun hagu ya kumbura har ya danne ido, haɓar ta jiƙe da yawu, ga wani ɗan wari na tashi. Na ce masa wataƙila sanyi ne. Ya ce, "Ni na san dabbar da ke jin sanyi." Ranar ko yatsa bai motsa mini ba, Hajiya kuma ta ce tun jiya Baba ko ruwa sai da ƙyar yake sha.

Ban bar gidan ba Dakta Amal ta kira ni. Nas ta kai mata awon safe: nauyinsa ya sake raguwa, alamun ƙarancin ruwa sun bayyana a jikinsa. Ta ce, "Ya Sabi'u, na yi haƙuri iya haƙuri. Ran Lahadi zan zo da kaina. In ban ga yana ci ba, za a mai da shi asibiti a sa masa roba, khalas, magana ta ƙare." Robar da take nufi ita ce wadda ake zurawa ta hanci har ciki a riƙa ɗura wa mutum abinci. Tana ceton rai, ban musa ba, kuma a matsayinta gaskiya ta faɗa. Amma da Injiniya ya dawo ya yi wa mahaifinsa bayani, Baba ya ce, "Ranar da aka ɗura mini abinci kamar maraƙin da uwarsa ta mutu, ku nemo likkafani." Na san irin waɗannan dattawa. Zai fizge robar, a mayar, ya sake fizgewa, ƙarshenta a ɗaure masa hannun mai lafiya. Wanda aka yi wa haka ba ya sake ɗaga hannu don kowa.

Injiniya ya ja ni falo. Mutum ne mai son ubansa, ya rame shi ma. Ya ce, "Likita, in dai ɓeran nan ne matsala, ai da sauƙi. Gobe in biya shagon dabbobi in sayo wani mai irin kalarsa, in Baba ya yi barci a musanya."

Na ce, "Injiniya, mutumin da zai shiga kara ya ware sa ɗaya cikin garke daga yadda yake taka ƙasa, shi za ka musanya wa dabba? In ya gane, kuma zai gane, daga ranar ko magani ka ba shi sai ya yi zargin an musanya."

Daga bayan labule Hajiya ta ce, "To amma Likita, ɓera ne fa. Ana kai ɓera asibiti?"

Na ce, "Ni ma ban sani ba, Hajiya. Gobe zan sani."

Da safe na sanar da Dakta Amal, don ba na yin abu a bayan idon shugabata. Ta ce mu mutane aka ɗauke mu dubawa, motar kamfani da lokacin kamfani ba na ɓeraye ba ne. Na ce na ji, tawa motar zan ɗauka bayan na tashi dawam, wato bayan awannin aiki. Ta ce, "Kana da taurin kai." Na ce haka ake faɗa. Har za ta kashe waya ta ƙara da cewa, "Ka lulluɓe shi, kada iska ta buge shi."

Da la'asar na shimfiɗa tsumma a kwalin takalmi, na huda murfin. Da na sa hannu zan ɗauko dabbar, duk da ciwon da take ciki sai da ta gartsa mini cizo a yatsa. Baba ne ya zura hannunsa, ta hau tafinsa, na tallafa muka sa ta a kwali. Ya dafa murfin bai saki ba. Ya ce, "Ko ya mutu, shi za ka dawo mini da shi. Ba wani ba." Ashe ya ji maganar falo. Na ce na yi alkawari.

Asibitin dabbobi na farko, wanda ke karɓar baƙi ya ɗaga murfin ya yi dariya, ya ce su kyanwa suke dubawa, ya nuna mini jerin matan da ke zaune kowacce da magenta a kwando. Magen da ke kusa da ni har ta fara miƙa wuya tana shinshina kwalin, na rungume kayana na fita. Na biyu suka ce likitansu na tsuntsaye ne, kuma ya tafi hutu. Wani mai shara a wurin ya kwatanta mini wani ƙaramin asibiti a hanyar Dira. Ga cunkoson yammacin Alhamis, ga rana na shirin faɗuwa. A kowace danja sai in ɗaga murfi in ga ko cikinsa na motsi. Na tuna shekarun da na yi ina karatu, na tuna mahaifiyata da ke gaya wa maƙwabta ɗanta likita ne a Saudiyya, na yi wa kaina dariya. Amma ko sau ɗaya ban yi tunanin juyawa ba. A idona ba ɓera na ɗauko ba, hannun Alhaji Idi ne a cikin kwalin nan.

A na ukun na sami wani dattijon likita ɗan Masar, gilashinsa a kan karan hanci. Bai yi dariya ba. Ya naɗe dabbar a tawul, ya shafa kumburin da ɗan yatsa, ya shinshina bakin. Ya bayyana mini cewa hamsta tana da jaka a kowane kumatu, daga baki har kafaɗa, inda take cusa abinci ta kai maɓoyarta ta zazzage. Wani lokaci abu yakan manne a jakar ya ƙi fita, ya ruɓe a ciki. Ya ce zai iya zama hakan, zai iya zama ƙari, ba zai sani ba sai ya sa ta barci ya duba. Kuma ya gaya mini gaskiya: dabba ƙarama haka, ga yunwa, tana iya tafiya daga barcin. Na tuna alkawarina. Na ce ya yi bismilla.

Ya sa ta a wani ɗan akwatin gilashi ya saki iskar sa barci, ta yi laƙwas. Ya buɗe bakin, ya ɗiga ruwan ɗumi a jakar, ya riƙa tausawa daga baya yana jawowa da ɗan hantsaki. Can sai ga wani dunƙule baƙi mai danƙo ya fito, ya cakuɗe da zaren audugar shimfiɗa, warinsa ya cika ɗakin. Ya ɗaga shi a hasken fitila, ya dube ni ta saman gilashi.

"Tamar! Ya akhi, wa ke ba shi tamar?"

Tamar shi ne dabino. Ba dabbar ce ta faɗo mini a rai ba, 'yar tasar la'asar ce, wadda kullum ake samu wayam.

Dabbar ta farfaɗo, tana layi kamar ɗan maye. Likitan ya ce jakar ta yi rauni amma ba ta ɓalle ba. Ya ba ni maganin ɗigawa a baki, ya ce a cire audugar nan a sa takarda, a ajiye kejin inda babu iska, kuma har kumatun ya warke ba za ta iya tauna ba, sai an dama mata abinci mai ruwa-ruwa a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura, safe da rana da yamma. In aka yi sakaci ta wuni ba ci, shi ke nan. Dabino kuwa, da duk wani abu mai danƙo ko zaƙi, har abada.

Da na koma gidan, kafin in shiga wurin Baba na sa aka fito da kejin falo don a canza shimfiɗa. Na ɗaga ɗan gidan katakon da dabbar ke kwana a ciki, wanda Hajiya ba ta taɓa ɗagawa ba saboda tsoro. Ga dabino nan gutsure-gutsure, tari guda, na ƙasa har ya yi furfura. Hajiya ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ashe duk kwanakin nan ba ya ci? Ni kuwa kullum ina ce wa nas ya cinye." Sai hawaye. Na ce mata ba ita kaɗai ba, dukanmu tasar muka duba.

Injiniya ya ce don Allah kada a gaya wa Baba cewa dabinonsa ne, zai ɗora wa kansa. Na ce in ba a gaya masa ba gobe da la'asar zai sake ba shi, kuma wanda muka ƙi yi wa ƙaryar musanya ba za mu yi masa ta shiru ba. Na shiga na ajiye kwalin a cinyarsa. Ya buɗe, ya daɗe yana duba dabbar, ya juya ta gefe da gefe kamar mai ƙimanta bijimi, sannan ya ce, "Shi ne." Na durƙusa na gaya masa abin da aka ciro.

Ya shafa bayan dabbar da yatsa. Can ya ce, "Abin da ya fi daɗi a ɗakin nan na ba shi. Ni na cuce shi ke nan."

"Ba cuta ba ce, Baba, rashin sani ne. Amma kai me ya hana ka ci?"

"Na gwada. Kafin ya kai baki ya faɗi a riga. 'Yar mutane ta zo ta ga babban mutum ya ɓata jikinsa kamar jariri?" Ya kau da kai. "Shi kuwa ba ya kallon riga."

Na nuna masa sirinjin, na nuna masa yatsana da aka ciza. Na ce dabbar nan hannunsa kaɗai ta sani, don haka jinya tasa ce. Da hagu zai riƙe ta cikin tsumma, da dama ya ba ta. Ku 'yan sana'a kun san abin da tura sirinji ke nema a wurin babban yatsa: ƙarfi kaɗan, amma a daidaice. Ranar ni na riƙe masa yatsan muka tura tare.

Washegari Juma'a ba na aiki, amma ana saukowa daga masallaci na wuce gidan. Na tarar da shi yana fama. Hannun na rawa kamar mazari, abincin ya zube a tsumma, a zanin gado, ko'ina ban da bakin dabbar. Ina tsaye ya sake turawa, yatsan ya kufce, abincin ya feso da yawa, dabbar ta shaƙe tana atishawa tana mutsu-mutsu. Ya saki sirinjin ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Ɗauke shi. Zan kashe shi."

A nan ne na ajiye ladabin da na yi wata da watanni ina riƙewa. Na ce, "Baba, ba ciwo ke sa hannun nan rawa ba, yunwa ce. Na ga hannun nan yana ɗaukar ƙwayar da ta fi gero kaɗan. Yanzu ba komai a cikinka, da me zai tsaya? Jibi Lahadi. In likita ta zo ta same ka haka, asibiti za a kai ka. Ni yana cizona, mai gidan nan yana Sulay, Hajiya ba za ta iya taɓa shi ba. Kai ka san dabbar da aka bari ba mai ba ta. Ka taɓa tafiya ka bar marar lafiya a turke?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Kai yaro ne marar kunya." Na ce na karɓa. Na tsugunna na ɗauki sirinjin na wanke, na ba dabbar 'yan ɗigo da kaina tana neman yatsana. Ni kuwa na san in maganar nan ba ta shiga ba, ba ni da wata.

Sai da aka kira la'asar ya yi magana, fuskarsa na bango. "Ka ce wa 'yar nan ta tuƙa tuwo. Ba na son cokali."

Hajiya tana da kuka da daddawa da aka aiko mata daga gida. Ban taɓa ganin an tuƙa tuwo da sauri haka ba. Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta koma, na shigo da shi, na zaunar da Baba a ƙasa ya jingina da gado, na wanke masa hannu. Ya yi bismilla ya gutsura. Lomar farko ta faɗi a ƙirjin rigarsa. Ta biyu ta kai haɓa ta zame. Na juya na shiga gyaran kejin da ba abin da ya same shi.

Ya ce, "Kai. A garinku mutum yana ci shi kaɗai ana tsaye a kansa? Wanke hannu."

Dokar kamfani ta hana mu cin abinci a gidan majinyaci, kuma doka ce mai kyau. Amma ranar Juma'a ce, ba a bakin aiki nake ba. Na wanke hannu na zauna muka sa hannu a kwano ɗaya. Ina kai loma miya ta ɗiga a gaban rigata. Ya dube ta ya ce, "Ashe kai ma ba ka iya ba." Har yau ban gaya wa kowa ko da gangan na yi ba, kuma ku ma ba zan gaya muku ba. Ta uku tasa ta shiga baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya rufe ido. Rabin abin da ya gutsura a riga ya ƙare, amma rabi ya shiga, ya kuma sha ruwa kofi guda da hannu biyu.

Kada ku zaci tuwo ɗaya ya tsai da hannun. Da yamma ya ba dabbar, yana rawa, sai dai abincin ya shiga. Ran Asabar Injiniya ya roƙi wani dattijo ɗan Gombe, maƙwabcinsu da suke haɗuwa a masallaci, ya riƙa zuwa suna cin na rana tare, tunda ɗa ba ya haɗa kwano da ubansa. Aka samo wa Baba tsohuwar riga ta cin abinci, aka daina maganar wanki.

Ran Lahadi Dakta Amal ta zo kamar yadda ta ce. Nauyin bai ƙaru ba, kwana biyu ba sa mai da tsoka, amma alamun ƙarancin ruwa sun ragu. Ta ce tana so ta gani da idonta. Baba ya ce ta jira, lokacin maganin Baƙo ya yi. Ta tsaya da jakarta a hannu tana kallon dillalin shanu yana tura sirinji ɗigo-ɗigo a bakin ɓera, kumburin ya sace, idon ya buɗe. Bayan nan aka kawo kunu ya ɗaga kofin da dama ya sha. Ta ce in tambaye shi ko ya yarda a kwantar da shi asibiti na 'yan kwanaki don ya ƙara ƙarfi, ba tare da roba ba. Na fassara masa.

Ya ce, "Ka gaya mata na gode. Amma ina da majinyaci, ba ni da lokacin kwanciya."

Da na mayar mata da Larabci ta yi dariya har ta cire gilashi tana goge ido. Ta ce an ɗage maganar roba zuwa awo na gaba. Awo na gaba ya zo ya wuce ba wanda ya sake tayar da ita. Baƙo ya warke ya koma gudunsa a kan 'yar tayar wasan da ke cikin kejinsa. Da lokacin komawar Baba Potiskum ya yi, bai yarda an sayi tikiti ba sai da ya ga Hajiya Rabi ta cire safar hannu ta miƙa wa dabbar ƙwaya ta karɓa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. A makaranta an koya mana mu tambayi majinyaci ina ke masa ciwo, mu auna abin da ya rasa. Ba a koya mana mu duba wa yake ciyarwa ba. Dattawanmu sun yi rayuwarsu suna bayarwa. In ka kwantar da su ka ce daga yau sai dai a yi musu, sai su juya bango su ce Allah ya riga ya yi. Ka ce su tashi don kansu, ba za su tashi ba. Don haka in kun shiga ɗaki, kafin ku buɗe jakar kayan aiki, ku duba ku ga ko akwai wani mai rai da zai kwana da yunwa in wannan mutumin bai tashi ba. In kun same shi, ko ɓera ne, ku kula da lafiyarsa kamar yadda kuke kula da ta mai ɗakin.